Wa Zai Yi Wa Mamaci Shaida?

Cikin 1998 manyan mutane biyu suka rasu a Abuja, wata ɗaya tsakani. Janar Sani Abacha ya rasu ran 8 ga watan Yuni, aka kai shi Kano aka yi masa sutura a ranar, ba tare da an binciki gawarsa ba. Cif M.K.O. Abiola kuwa ya rasu ran 7 ga watan Yuli yana tsare, sai da aka ɗauko likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada suka binciki gawarsa a Ikko, suka ce ciwon zuciya ne wanda ya daɗe yana cinsa. Mutuwar farko ta bar wa jama'a jita-jita, kowa da irin labarin da ya ke bayarwa har yau. Ta biyu kuwa ta tona wani asiri, watau ƙasa mai girma kamar Nijeriya ba ta da wata hukumar binciken mutuwa wadda kowane ɓangare zai amince da maganarta, sai an yi aron likitoci daga ƙetare.

To, in haka ta faru ga masu mulki da masu dukiya, ina ga mai gadi a Apapa, da mai shayi a Agege, da ɗan dako a Mile 12, da ɗan acaba a Fatakwal? Mu da mu ke zaune a Kudu, nesa da dangi, mu ne muka fi kowa bukatar a ce akwai mutumin da aka horar, wanda zai dubi gawa ya faɗi ko ta wane ne, da abin da ya kashe shi, da lokacin da ya mutu. Irin wannan likita ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, kuma ƙarancin nasa yana jawo mana asara ta haƙƙi da ta dukiya da ta kwanciyar rai.

Mene ne aikinsa?

Ba kowace mutuwa ce ta ke bukatar bincike ba. Tsohon da ya yi jinya a gaban likita har rai ya yi halinsa, takardar shaidar mutuwa kawai za a rubuta a ba danginsa. Inda magana ta ke shi ne mutuwar fuju'a, da ta hatsari, da ta kisa, da ta guba, da ta wanda ya mutu a hannun 'yan sanda ko a gidan yari, da gawar da aka tsinta ba a san mai ita ba. A irin waɗannan doka ta ɗora wa wani majistare alhakin gano gaskiya, shi ne alƙalin binciken mutuwa. Tsari ne da muka gada daga Turawan Ingila, su kuwa suna da shi tun 1194. Amma alƙali ba likita ba ne. Idonsa a wannan aiki shi ne likitan binciken gawa.

Gawa tana ɗauke da shaidu da yawa ga wanda ya iya karanta su. Bayan mutuwa da 'yan sa'o'i jiki ya kan fara sandarewa, ya cika wajen sa'a 12, sa'an nan ya sake saki, kuma zafin gari yana gaggauta wannan. Jini ya kan kwanta a gefen da ya ke ƙasa, saboda haka in an sami mutum a kife alhali jinin ya kwanta a bayansa, an san cewa wani ya juya shi ko ya ɗauko shi daga wani wuri. Wanda aka samu cikin gobara, in akwai baƙin hayaƙi a maƙogwaronsa da huhunsa, yana numfashi wutar ta same shi. In babu, to akwai tambaya, domin mai yiwuwa kashe shi aka yi aka cinna wuta don a ɓad da sawu. Ramin da harsashi ya shiga daban ne da wanda ya fita, saboda haka likita yana iya gane wanda aka harba ta baya da wanda aka harba ta gaba, kuma alamar albarushi a fata tana nuna an harbe shi kusa da kusa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe labarin da aka saba ji, na cewa wai musayar wuta aka yi da 'yan fashi.

Misali yana nan a Abuja. Cikin watan Yuni na 2005 'yan sanda suka harbe matasa shida, mafi yawansu 'yan kasuwar Apo, suka ce 'yan fashi ne, aka binne su cikin gaggawa. Da hayaniya ta yi yawa gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka tono gawarwakin aka duba, labarin fashi ya rushe. Cikin 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Da an bar maganar yadda aka fara faɗinta, da har abada sunan ɓarayi iyalansu za su riƙa ɗauka.

Doguwar hanyar horo

Dalilin ƙarancin waɗannan likitoci yana cikin tsawon hanyar da su ke bi. Yaro zai yi shekara 6 a jami'a yana karatun likita, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi shekarar bautar ƙasa. Sa'an nan ya nemi gurbi a babban asibitin koyarwa don ya ƙware a fannin fatoloji, watau ilmin gane cuta ta hanyar duba tsoka da gaɓoɓi. Wannan ya kan ci kamar shekara 5, tare da jarrabawa masu wuya na Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya da ke Ijanikin a Ikko, wadda aka kafa cikin 1979, ko na takwararta ta Afirka ta Yamma wadda aka kafa cikin 1976. A cikin wannan horo ana koyon binciken gawa, har da gawarwakin da 'yan sanda su ke kawowa. Amma babban aikin likitan fatoloji na yau da kullum shi ne duba tsokar masu rai, kamar gane ko ƙari na daji ne ko ba na daji ba.

Wanda zai zama gwanin binciken mutuwa domin shari'a yana bukatar ƙarin horo bayan wannan. Sai ya san raunuka iri iri da makamin da ya ke jawo kowanne, ya san guba, ya san yadda a ke duba wurin da aka sami gawa, da yadda a ke adana shaida daga hannu zuwa hannu ba tare da wani ya sami kafar cewa an taɓa ta ba. Sai kuma ya san doka, ya iya tsayawa a kotu lauya yana yi masa tambayoyin ƙure bai rikice ba. A Amurka ana yin shekara ɗaya cur ta wannan horo bayan an gama fatoloji. A Afirka ta Kudu fanni ne mai zaman kansa na shekara 4. Mu kuwa a nan, mafi yawan waɗanda aka sani da wannan ƙwarewa a ƙasashen waje suka samo ta. In an haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa zama gwani ba ya kasa shekara 14.

Bayan wannan wahala, me ya ke jiransa? Mamaci ba ya biyan kuɗin ganin likita, saboda haka babu asibitin kuɗi da zai buɗe kamar likitan mata ko na ido. Ɗakin ajiye gawa sau da yawa babu wuta, firji ya lalace, babu kayan aiki. Ga zaman jiran kotu, ga barazanar waɗanda rahotonsa zai tona. Ga kuma ƙasashen da suka horar da shi suna neman irinsa ido rufe, domin su ma bai ishe su ba. Ƙungiyar likitocin binciken mutuwa ta Amurka ta ƙayyade cewa bai kamata likita ɗaya ya wuce gawa 250 a shekara ba, in ana son aiki mai kyau. Mai karatu ya auna wannan da yawan waɗanda hatsarin mota kaɗai ya ke kashewa tsakanin Ikko da Badun.

Kuma likita shi kaɗai ba ya aiki. Ana bukatar masanin guba, da masanin ƙwayar halitta, da likitan haƙori wanda ya iya gane mutum ta haƙoransa, da ma'aikatan ɗakin gawa, da ɗan sandan da ya san cewa ba a wanke wurin da aka yi kisa kafin masu bincike su iso. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, aikin sauran ya tashi a banza.

Abin da Ikko ta gwada

Jihar Ikko ce ta fara yin hoɓɓasa. Cikin 2007 ta yi sabuwar dokar binciken mutuwa wadda ta maye gurbin tsohuwa, ta kafa ofishin Babban Likitan Binciken Gawa a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja. Farfesa John Obafunwa, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar jihar, shi ne ya yi suna a wannan kujera. Dokar ta wajabta kai rahoton duk mutuwar da a ke shakka a kanta, ta kuma mai da shi laifi a binne irin wannan gawa ko a yi mata allurar hana ruɓewa ba da izinin alƙali ba. Jihohi da yawa kuwa har yanzu suna kan tsofaffin dokokin da aka gada daga zamanin Turawa.

Ana iya ganin bambanci in an dubi manyan masifu biyu. Ran 27 ga watan Janairu na 2002 rumbun makamai ya fashe a barikin soja na Ikeja. Mutane fiye da 1,000 suka mutu, mafi yawansu sun faɗa cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudu. Waɗanda ba a gane ba aka haɗa su aka binne a wuri ɗaya, kuma akwai gidajen da har yau ba su san inda nasu ya kwanta ba. Bayan shekara 10, ran 3 ga watan Yuni na 2012, jirgin saman Dana da ya taso daga Abuja ya faɗi a Iju-Ishaga, duk mutum 153 da ke ciki suka mutu, da wasu a ƙasa. Gawarwaki da yawa sun ƙone ba a iya gane su da ido. Amma wannan karon an ɗebi samfuri daga gawa da kuma daga dangi, aka gwada ƙwayar halitta, aka gane fiye da kashi 90 cikin 100, kowa aka ba shi nasa. Sai dai fa Ingila aka kai samfurin, dangi suka yi ta jira mako da makonni.

Haka kuma da masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rushe a Ikotun ran 12 ga watan Satumba na 2014, mutum 116 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka ta Kudu, can ƙasarsu aka kai samfuri, kuma sai bayan wata biyu aka fara mayar da gawarwakin gida. Alƙalin binciken mutuwa ya zauna, cikin watan Yuli na 2015 ya yanke cewa rashin ingancin gini ne ya jawo rushewar. Ganin irin wannan jinkiri gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayar halitta a tsibirin Ikko cikin 2017. Abin takaici, tarzomar watan Oktoba na 2020 ta rutsa da ita, aka yi mata ɓarna.

Wannan tarzoma ta bar wani darasi. Cikin watan Yuli na 2023 ya fito fili cewa akwai gawarwaki 103 da aka kwaso daga sassan jihar a lokacin rikicin, gwamnati ta ce ta yi sanarwa babu wanda ya zo ya karɓa, za a binne su gaba ɗaya. Jama'a, wane ne ya fi kusa da zama gawar da babu mai nema? Shi ne baƙon da ya zo ci-rani, babu katin shaida a aljihunsa, danginsa suna wani ƙauye a Sakkwato ko Jigawa ko Maraɗi, ba su karanta jaridun Ikko, suna zaton yana nan yana nema.

Maganar gaggawar binnewa

Mun san abin da ke ran mai karatu. Musulmi ba ya son gawar ɗan'uwansa ta kwana, ba ya kuma son a sa mata wuƙa, domin addini ya girmama jikin mamaci kamar yadda ya girmama na mai rai. Saboda haka in tsautsayi ya faɗa wa wani a Sabo ko Idi-Araba ko Alaba Rago, abin da aka saba shi ne dattawa su tafi ofishin 'yan sanda su ce an yafe, a sa hannu a takarda, a karɓo gawa a kai ta makwancinta kafin la'asar. Niyyar mai kyau ce. Amma wani lokaci abin da aka yafe ba na masu yafewar ba ne, haƙƙin marayu ne. In kamfani ne motarsa ta take shi, ko bene ne ya rufto masa yana aikin leburanci, ko duka ne ya kashe shi a hannun hukuma, lauyan wancan ɓangare abu na farko da zai tambaya a kotu shi ne rahoton likita. In babu, sai ya ce mai yiwuwa dama mutumin yana da ciwonsa. Da haka diyya ta kan salwanta, mai laifi ya tafi abinsa.

Malamai sun daɗe da duba wannan mas'ala. Majalisar manyan malaman Saudiyya cikin 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka cikin 1987, duk sun halatta binciken gawa in ana tuhumar kisa, ko ana son gane wata annoba don a kare masu rai, da sharaɗin a tsaya iyakar bukata, a kiyaye mutuncin mamaci, a binne dukan sassan jikinsa.

Abin lura shi ne, shi kansa likitan gawa ba ya son jinkiri. A zafin ƙasarmu gawa tana fara lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu, shaida kuma tana lalacewa tare da ita. Mawaƙin nan Mohbad ya rasu ran 12 ga watan Satumba na 2023, aka binne shi washegari a Ikorodu. Da surutu ya yi yawa aka tono shi ran 21 ga wata, aka aika da samfuri Amurka. Bayan watanni likita ya gaya wa alƙali cewa gawar ta riga ta ruɓe, ba a iya tabbatar da abin da ya kashe shi. Aikin da zai ɗauki sa'a biyu ko uku a ranar farko ya zama rigimar shekaru. Ashe ke nan abin da ke sa gawa ta yi makonni a ɗakin ajiya shi ne rashin likita da kayan aiki da yawan takardu. Inda akwai isassun ma'aikata, ana iya bincike da safe a yi jana'iza da yamma. A Ingila ma wasu birane kamar Sheffield da Bradford sun shigo da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, wadda ke nuna sanadin mutuwa a lokuta da yawa ba tare da an tsaga gawa ba, kuma Musulmi da Yahudawa suna cikin waɗanda suka fi neman haka.

Akwai kuma wata asara da ba a cika tunawa da ita ba. Mutumin da ya mutu ba a gane shi ba, a wurin shari'a ɓatacce ne. A mazhabar Malikiyya matarsa za ta kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba, gadonsa kuwa ba a raba shi sai bayan lokaci mai tsawo. A dokar shaida ta Nijeriya sai an yi shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin a ɗauka ya mutu. Gwaji guda na ƙashi ko haƙori zai iya ɗauke wa mace da 'ya'yanta wannan zaman jiran.

Wa zai riƙe likitan?

Horo kaɗai bai isa ba in likitan yana ƙarƙashin wanda a ke tuhuma. Cikin watan Satumba na 1977 Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu. Ministan shari'a ya fara cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. Binciken gawa, wanda likitan da iyalinsa suka ɗauko ya halarta, ya nuna mummunan rauni ne a ƙwaƙwalwa. Wannan ƙasa ta koyi darasi, cikin 2006 ta ɗauke ɗakunan binciken gawa daga hannun 'yan sanda ta mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, likitan da albashinsa da ƙarin girmansa ba su rataya a wuyan kwamishinan 'yan sanda ko na wani ɗan siyasa ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kwalejojin ƙwararrun likitoci da manyan asibitocin koyarwa su ba wannan fanni cikakken gurbi na horo a cikin gida, tare da alawus da zai jawo hankalin matasa. Na biyu, gwamnatocin jihohin Arewa su ɗauki nauyin 'ya'yansu, maza da mata, su yi wannan karatu da sharaɗin su dawo su yi aiki. Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato da Jos duk suna da asibitocin koyarwa da za a iya ginawa a kansu. Samun likitoci mata zai sauƙaƙa wa iyalai da yawa amincewa in mamaciyar mace ce. Na uku, kowace jiha ta sabunta dokarta, a sa wa'adin da za a gama bincike a saki gawa, a kuma tanadi likita mai jiran aiki ranar Asabar da Lahadi.

Saura namu. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi su riƙe rajistar mutanensu, da sunan garinsu da lambar wani ɗan'uwa a gida. Kowa ya riƙa yawo da katin shaida. In mutuwa ta zo da alamar tambaya, kada a wanke gawa ko a yi mata allura ko a ƙone tufafinta kafin hukuma ta gani. A kai rahoto nan da nan, a tura wakili mai ilmi ya bi takardu don a gama da wuri, a nemi kwafin rahoton likita, kuma kada kowa ya sa hannu a takardar yafewa sai da sanin magada. Rikicin Shagamu da na Ketu cikin 1999, da na Idi-Araba cikin 2002, da na kasuwar Shasha a Badun cikin 2021, da kisan mafarauta 16 a Uromi cikin watan Maris na 2025, sun isa su nuna mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kyautata namu ƙarshe, amin.